Ɗan Farin Safiya da Man Kaɗe

Har yau ranar nan ba ta fita a raina ba, ranar da aka sake ɗora ɗan Safiya a sikeli allurar ta tsaya daidai inda ta tsaya a makon da ya wuce. Talata ce, ranar awon jarirai, ana tsakiyar marka. Ku sababbi da aka ɗauko kuna koya wa mata tausa, ku nake ba wannan labarin. Ni ba mai dogon zance ba ce, ku saurara.

Sunana Talatu, ana ce mini Iya. Ungozoma ce ni tun kafin a gina ɗan asibitinmu na wajen Gubuchi. Wurin uwata na koya, ban shiga aji ba. Na haifi tara, na binne biyar. Da aka ce a rage karɓar haihuwa a gida, sai aka tara mu a Makarfi aka yi mana horo. Aikinmu ya koma rako mai ciki asibiti, da bin mai jego gida a ga yadda take.

Ga wanda bai san tsarin ba, ƙaramin asibiti irin namu ba shi da likita. Akwai shugaba, shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin magani. Ƙasa da shi akwai malamar haihuwa, wadda ta yi karatun aikin. Sai masu allura da awo. Mu muna can ƙasa, kusa da mai shara. Abin da ya fi ƙarfinmu a tura Makarfi, abin da ya fi ƙarfin Makarfi a tura Zariya.

Malamar haihuwa a lokacin ita ce Malama Bilki, 'yar Kudan. Na haife ta a shekaru, amma ita ta koya mini tausar asibiti. Tausar gida na riga na san ta: a yi wa jariri wanka da ruwan zafi, a mulke shi da mai, a miƙar da hannuwa ta baya, a lanƙwasa ƙafafu, a riƙe shi kai ƙasa, a cilla sama a cafe. Nawa duk haka aka yi musu. Ta Malama daban ce. Ki yanke farce, ki wanke hannu, ki narkar da man kaɗe a tafinki har ya yi ɗumi. Ki fara daga cinya zuwa tafin ƙafa, sai hannuwa, sai ƙirji, sai ciki a zagaye a hankali, sai ki kifa shi a cinyarki ki bi baya. Ba a danna maɗiga. Ba a yi da ya gama shan nono, ba a yi in jikinsa da zafi. In ya kau da kai yana kuka, a bari.

Da ta fara nuna mini na ce, "Malama, wannan ai shafa ce, ba tausa ba."

Ta ce, "Iya, ki kira ta abin da kika ga dama, ki dai yi ta."

Na yi ta, na kuma ga amfaninta. Jaririn da ciki ke murɗa masa ya saki iska ya yi shiru. Mai firgita a barci ya kwanta lafiya. Fata ta daina tsagewa. Malama takan ce ƙananan jarirai sun fi kowa buƙatarta, tana taimaka musu su natsu su sha nono su yi jiki. Takan kuma ƙara da cewa tausa ba ta maye gurbin magani.

Safiya 'yar Fulanin zaune ce, gidansu na bayan gonakin rake. A Likoro take aure. Da cikin fari ya tsufa ta dawo gida haihuwa, kamar yadda aka saba. Naƙuda ta zo kafin lokaci. Malama ta karɓi yaro bakwaini, tafin hannuna biyu sun ishe shi gado. A ranar aka wuce da shi Zariya, aka sa shi a kwalba. Yana can aka yi suna. Da aka sallamo su, aka ce su riƙa kawo shi awo wurinmu kowace Talata.

To ranar da nake ba ku labari, Malama ta sauke shi daga sikeli, ta duba shi tun daga kai har ƙafa. Babu zazzaɓi, ƙirji lafiya, babu gudawa. Yaro dai ba ya ƙaruwa. Fatar cinyarsa ta yi laushi kamar ta tsoho.

Ta dubi kakar yaron, uwar Safiya, sunanta Dije, sa'ata ce. Ta ce, "Inna, in haka muka sake gani, takarda zan rubuta ku koma Zariya."

Dije ta ce, "Ba za mu koma ba. Su da bakinsu suka ce ya warke. Masara na gona, shanu ba mai tatsa. In yana da kwana zai yi, in babu ko a Makka yake zai tafi."

Malama ba ta ja da ita ba. Da suka fita ta ce, "Iya, yaron nan in ya ci gaba a haka, mura ɗaya ta ishe shi. Na tambaye su yana shan nono, sun ce yana sha. Na koya wa kakar tausa, ta ce tana yi. Ki bi su gida gobe. Kar ki ce komai tukuna, ki kalla kawai."

A duk zaman nan Dije ce ke riƙe da yaro. Safiya na can ƙarshen benci, fuska a bango, kamar rakiya ta zo. Ba wanda ya yi mamaki. Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban iyayenta ko surukanta. Kakanni ne ke ɗawainiyarsa. A gidan Fulani kuwa abin ya fi tsanani, fulako ne, da shi ake auna tarbiyyar mace.

Washegari ɗan acaɓa ya sauke ni inda taɓo ya hana shi wucewa, na ƙarasa a ƙafa. Na tarar da Dije ta ɗora ruwan wanka. Muka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da ruwan jiya da mai jiki. Ta ba ni kujera 'yar tsugunne a ƙofar ɗakin jego.

Ta yi wa yaro wanka a tsakar gida, iska na kaɗawa. Ta shafa masa mai yadda Malama ta nuna, gaskiya ta yi ƙoƙari. Da ta gama sai ta ɗora da tata. Ta miƙar da hannuwan, ta lanƙwasa ƙafafun, ta ɗaga shi kai ƙasa tana cewa, "Wannan mijin nawa rago ne. Ka yi ƙwari mana, wa zai noma mini gero?" Yaro ya yi kuka mara ƙarfi, ya gaji, ya yi laƙwas.

Sannan ta kai shi ɗaki. Safiya ta karɓe shi ba ta dube shi ba. Ta juya fuska gefe, ta sa masa nono. Bakwaini ba ya sha kamar sauran yara. Zai ja kaɗan, ya huta, ya yi gyangyaɗi, sai an taɓa shi ya farka ya ci gaba. Yana cikin hutun farko wata maƙwabciya ta yi sallama ta shigo barka. Kafin matar ta zauna, Safiya ta zare nono ta ajiye yaro a gefen gado ta ja zani. Matar na fita, ta sake ɗaukarsa. Ba a jima ba sai ga ƙanwar babanta. Ta sake ajiye shi. Haka na zauna har azahar. Gidan jego ba ya rabo da mutane, kuma duk wanda ya shigo, yaron ne ke biya da cikinsa.

Da ɗaki ya zama daga ni sai ita, na ce, "Safiya, nonon na zuwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ragu, Iya."

"Kin faɗa wa uwarki?"

"Ta ce za a fara ba wancan na saniya."

Wancan shi ne ɗanta.

Na koma na faɗa wa Malama abin da na gani. Ta ce, "Nonon saniya zai kashe shi. Abu biyu nake so. A daina miƙar da shi, ƙarfin da zai sha nono da shi ne ake ƙarar masa. Sannan uwar ta riƙa yi masa tausar da hannunta, ta kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, ya sha har sai ya saki da kansa. In tana taɓa shi tana kallonsa, nonon zai dawo." Ta numfasa. "Na san abin da nake nema a gidan Fulani. Ni ma 'yar fari ce, har yau uwata 'ke' take ce mini. Ke kin fi ni sanin yadda za a shiga wa tsohuwar."

Ban fi ta sani ba. Na je na faɗa wa Dije kai tsaye, yadda na saba, ta ko tashi mini.

"Talatu, da girmanki? So kike a ce 'yata ta zauna tana shafa ɗan fari tana leƙa fuskarsa kamar wadda ba ta da mafaɗi? A kai labari Likoro a ce ban yi tarbiyya ba? Ke ma kin haifi ɗan fari. Kin taɓa kiran sunansa?"

"Har yau ban kira ba. Ga shi can da furfura."

"To?"

"To nawa ya zo da nauyinsa kamar turmi. Naki bai kai ƙwaryar nono ba."

"Ni zan yi masa tausar. Me hannuna ya rasa?"

Na kamo hannunta na buɗe, na buɗe nawa kusa da shi. Duka biyun kanta ce da kaushi, aikin taɓarya da fartanya da igiyar shanu. Na ce, "Dubi. Da wannan ko bayan jaki muka shafa sai ya yi ƙara. Amma ba ma wannan ba ne. Ko hannunki auduga ne, ba ke ce mai nonon ba. Ruwan na kafewa, Dije. Taɓa shi ne zai dawo da shi."

Ta janye hannunta.

Na ce, "Na binne biyar. Ke nawa?"

"Uku."

"Kin san nauyin wanda ake ɗauka a hannu ɗaya a kai bayan gari. Ba wasa na ce ta yi da shi ba. Magani ne, asibiti ya ce uwa ce za ta shafa."

Can ta ce, "Ni dai ba a gabana ba."

"Ban ce a gabanki ba."

"Abin da ban gani ba, ba a yi shi ba."

Ta tashi ta saki asabarin ƙofar ɗakin. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofar daga waje, ta zauna ta ba ɗakin baya, ta jawo ƙwaryar rama tana tsinka.

Na shiga. Na matso da kaskon wuta don ɗakin ya yi ɗumi. Na sa Safiya ta wanke hannu, ta miƙe ƙafa, na shimfiɗa zani a cinyarta na kwantar da yaron. Na lakato mata man kaɗe. Ta ɗora hannu a cinyar yaron, fuskarta na kallon bango.

Na ce, "Haka kike tatsar saniya, kina kallon gabas?"

"Iya, kunya nake ji."

"Ni ba kowa ba ce a nan. Ma'aikaciya ce. Ki dubi inda kike sa hannu, kar ki tsokane masa ido."

Ta juyo. Ta bi ƙafafun yadda na nuna, ta buɗe 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya daina mutsu-mutsu. Da muka kifa shi za a bi baya, sai ta tsaya.

"Iya, mene ne wannan?"

Na duba. Tawadar Allah ce, baƙa, ƙarƙashin kafaɗarsa.

"Da ita aka haife shi."

Ta ce, "Ban sani ba." A hankali ta faɗa. Ta sa yatsa ta taɓa wurin. Yaron ya kusa cika wata biyu a duniya, ranar ta fara ganin bayansa.

Ba mu gama ba na ga gaban rigarta ya jiƙe. Ita ma ta gani, ta sa hannu za ta rufe. Na ce, "Bar shi, abin da muke nema kenan." Na ɗora mata shi a ƙirji na lulluɓe su da zani. Ya sha, ya huta, na nuna mata yadda za ta sosa masa tafin ƙafa ya farka. Ya ci gaba. A waje na ji wata ta yi sallama, Dije ta ce, "Mai jego na barci, zo zauna nan." Ranar ya sha har ya saki da kansa, ya yi gyatsa.

Kar ku ɗauka shi kenan. Talatar da ta biyo baya allurar ta ɗan gusa, kaɗan ƙwarai, sai ka ƙura ido. Malama ta ce, "Bai sauka ba, amma bai ishe ni ba. Zan ƙara musu mako. In bai tashi sosai ba, ko Inna ta ƙi ko ta so, zan sa shugaba ya kira uban yaron." Daidai ta faɗa. Da haka ya faru, da ni zan fara raka su mota.

Na ci gaba da zuwa gidan duk safiya. Dije ta daina miƙar da shi, ko da yake kullum sai ta yi mita, wai za a bar mata miji da ƙafafun taliya. Wankan ma ya koma cikin ɗaki. Gadin ƙofa ta riƙe shi da gaske, har yara ta kora.

Ran nan ina ciki, Safiya na tsakiyar tausa, sai muka ji ƙarar babur da sallama. Hajiya Kande ce, uwar mijin, ta taso daga Likoro ganin jika. Safiya ta daskare. Ta fara neman inda za ta ajiye yaron, ga mai a jikinsa, ga shi tsirara. Na riƙe mata hannu. Na ce, "Zauna. Ki bari mu ji."

Wannan ba maƙwabciya ba ce da za a ce mata ana barci. Surukuwa ce, ta yi tafiya cikin taɓo, kuma ita ce wadda Dije ta fi tsoron bakinta. Muna jin su ta bayan asabari. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi maigida da yara da damina da hanya. Sannan Hajiya ta ce, "Bari in shiga in ga angon nawa."

Dije ba ta matsa ba. Ta ce, "Hajiya, ki ɗan zauna nan tukuna a dama miki fura. Ana yi masa magani."

"Subhanallahi. Jikin ne?"

"A'a. Na shafawa ne, don ya yi jiki."

"Malamar asibiti ce a ciki?"

"Ungozoma ce." Ƙarya ba halin Dije ba ce. Ta ce, "Amma uwar ce ke shafawa. Haka asibiti suka ce. Ni na yarda, laifin nawa ne in akwai."

Safiya ta runtse ido. Yaron na kwance a cinyarta yana wutsil-wutsil da ƙafa.

Can Hajiya ta ce, "Yana ƙaruwa?"

"Ya fara."

Muka ji tabarma ta yi ƙara, Hajiya ta zauna. Ta ce, "Kunnen nan nawa tun da aka fara ruwa ba ya ji sosai. Me kika ce, fura?"

"Fura na ce."

"To a sa nono da yawa."

Na leƙa ta jikin asabari. Tsofaffi biyu zaune a tabarma ɗaya, duk sun ba ƙofar baya, suna zancen tsadar taki. Na dawo na ce wa Safiya, "Saura ciki da baya. Ci gaba."

Talatar da ta zo allurar ta tashi yadda ko ni da ban iya karatu ba na gani daga inda nake tsaye. Malama ta sauke shi ta sake ɗorawa don ta tabbatar. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Inna, ba zancen Zariya." Dije ta ce, "Ai na faɗa miki mijina ba rago ba ne." Ta manta da bakinta ta kira shi rago.

Daga nan ya ci gaba da hawa. Cinyoyi suka cika, kuka ya yi ƙarfi har ana ji daga zaure. Da za su koma Likoro, Hajiya Kande ce ta aiko a tambaye ni sau nawa ake shafa maganin a yini, don ta san lokacin da za ta riƙa fita zagaya maƙwabta. Yaron yanzu yana bin shanu. Uwarsa har gobe ba ta kiran sunansa, kuma ban ga dalilin da zai sa ta kira ba.

Ga abin da na ɗauka a wannan aikin. Tausa tana da amfani, na gani da idona, amma ba man ne ke aikin ba, kuma ba ƙarfin hannu ba ne. Kuna tara mata a benci kuna nuna musu da 'yar tsana, suna gyaɗa kai, kuna cewa an koya. Wadda ta gyaɗa kan wataƙila ba ta da ikon taɓa ɗanta a gidansu. Ku tambaya ɗa na nawa ne. Ku tambaya wa ke yi masa wanka, wa ke shiga ɗakin, wa ke zaune yana kallo. In kun tarar da al'ada a hanya, kar ku zage ta, ba za ku ci riba ba. Mutanenmu ba sa son jikokinsu su mutu. Tsohuwar da kuke ganin ita ce matsala, ku ba ta aikin yi da hanyar da za ta yarda ba tare da ta ji kunya ba. In ta yarda, ita za ta tsare muku ƙofa.